Hancin Da Korona Ta Tafi Da Shi

A lokacin da wannan abu ya same ni, ni ce mai daddawar da ake ji da ita a Banga. Tun daga bakin zaure nake sanin kalwar da na rufe ta nuna ko da saura, da hanci kawai, kamar yadda Inna ta koya mana ni da ƙanwata. Ranar kasuwa a Kasuwar Daji ba na kai la'asar da kaya. Ita ƙanwar tawa kuwa, gaskiya, ragowar masu sayena take samu, kuma hakan bai taɓa damuna ba.

Shekarar korona muka kwanta tare, zazzaɓi da tari iri ɗaya. Ita ta miƙe garau. Ni ma zazzaɓin ya sake ni, amma ya bar ni da gajiyar da ko tulu ban iya ɗauka sai na zauna ina haki, ga shi ba na jin ƙamshi ko wari. Na ɓoye, don mai daddawa ba hanci abin dariya ce. Na riƙa buɗe kalwa da ka, wata ɗanya, wata ta zarce har ta lalace. Mata suka daina ce mini komai, sai dai in hango su sun yi layi gaban tiren ƙanwata.

Wallahi kishi ya ci ni. In na ga ta ɗauko kaya a ka tana tafe tana raha, sai in ji kamar lafiyata ce ta sace. Ciwo ɗaya, me ya sa ita ta tashi ni na kasa? Har na gaya wa Inna ina zargin ta yi mini asiri. Inna ta yi kuka, ta ce in ji tsoron Allah, ban ji ba. Tuwon da ƙanwata take aiko mini awaki nake zuba wa, in ta yi sallama in juya baya kamar mai barci.

Da haki ya tsananta maigidana ya kai ni asibiti a Ƙaura. Likita ta ce ragowar korona ce, wasu takan daɗe jikinsu, wasu kuma a'a, ba hannun kowa. Ta ce in riƙa hutawa tun kafin in gaji, in riƙa shinshina kanumfari da citta da lemun tsami safe da yamma, ko hancin ya dawo. Na yi ta yi wata da watanni ina jin kaina kamar wawiya.

Wata safiya ina tsakar gida wani wari ya taɓa hancina. Na bi shi har rumbu, na tarar da ƙullin daddawar da ƙanwata ta aiko na jefar. Ta yi daidai, hannun Inna sak. Na ɗauki mayafi na tafi gidanta, na faɗa mata komai, har zargin. Sai ta ce, "Yaya, mi ya hana ki kira ni in zam hancinki?"

Yanzu tare muke rufe kalwa, don har yau hancina bai cika dawowa ba, ita ke cewa a buɗe. Ta yafe mini, amma Inna ta rasu ba ta ga shirinmu ba. Duk wanda ciwon nan ya bar wa saura, ya faɗa, ya je asibiti, kada ya tsani wanda ya riga shi warkewa.