Zaren Mayafin Yaya

Yayata ta fara sana'a ne da sayar da takarda da biro a wani ɗan shago kusa da ƙofar jami'a. Daga nan ta koma kai wa ofisoshi kujeru da labule, har wata rana wani ma'aikaci ya nuna mata sanarwa a jarida: gwamnati za ta tantance 'yan kwangilar da za su riƙa kai wa jami'o'i kayan ɗakin gwaje-gwaje. Ta yi wa kamfaninta rajista, ta shiga sahu. Kafin a ankara falonta ya zama sito, baƙo ba ya samun wurin zama sai ya ture kwali. Shi ya sa 'yan unguwa suka laƙaba mata Mai Kwali.

Ta iya aikin ƙwarai. Ta san irin takardun da kwamiti ke fara dubawa, ba ta taɓa bari an rufe akwatin jefa ambulan tana kan hanya ba, kuma ta haddace sunayen kayan da lambobinsu. Amma ko sau ɗaya ba ta taɓa buɗe kwali ta ga abin da ke ciki ba. Takan ce ita 'yar kasuwa ce, kuma a kasuwa abin da aka buɗe ya tsufa.

Wata shekara aka nemi masu kawo maikiroskof, wato madubin da ke ƙara girman ƙananan abubuwa, aka kuma ce kowane mai nema ya zo da samfur ya gwada a gaban kwamiti. Yaya ta karɓo guda daga dilan da take sarin kaya a wurinsa da sharaɗin za ta mayar. Da layi ya zo kanta, mai kula da ɗakin ya jona na'urar, ya waiga neman abin da zai ɗora a kan ɗan gilashin bai samu ba. Sai ya roƙe ta zare ɗaya daga bakin mayafinta. Ya daidaita, ya ce ta fara dubawa tunda kayanta ne.

Ta ce mini da farko gashin idonta kawai ta gani. Da ta murza ɗan maɓallin gefe, sai ga wata ƙatuwar igiya, murɗaɗɗiya, da gashi buzu-buzu, shuɗin rinin mayafin ma bai kama ko'ina ba. Shugabar kwamitin, wata malama mai furfura, ta tambaye ta batun garanti. Yaya ba ta ɗago ba. Aka tambaye ta inda za a sami kayan gyara.

"Malama, don Allah," in ji Yaya, idonta na kan madubin, "wannan baƙin abin da ya maƙale a jiki, rai gare shi?"

Malamar ta taso ta leƙa, ta ce ƙura ce. Yaya ta tambaya ko haka duk ƙura take. Lokacinta ya ƙare a kan ƙura, bayanin da ta shirya bai fito daga bakinta ba. Wani kamfani aka ba kwangilar.

Na je yi mata jaje na tarar ba ta mayar da samfurin ba, ta saye shi, ta girke a teburin cin abinci. Ta duba gishiri ta ga ashe kowace ƙwaya kusurwa huɗu gare ta. Ta duba fiffiken ƙuda da ɓawon albasa. Da ta duba ruwan da ya kwanta a bayan gidansu ta ga abubuwa na iyo, sai da ta sa aka wanke tankin gidan duka. Maigidanta ya ce shi dai ya daina gyangyaɗi a falo, tun ranar da ya farka ya ga an rage masa gashin gemu.

Ba ta bar neman kwangila ba, wata ta ci wata ta faɗi. Abin da ya sauya shi ne kai kaya, wanda a da take saukewa ta juya, yanzu yini guda yake ci. Sai ta tsaya an buɗe, an jona, ta ji me abin yake yi, da me ake yi kafin a ƙirƙiro shi. Malamar nan mai furfura ta gaji da amsa mata a tsaye, ta ce ta riƙa zuwa tana zama a bayan aji ranar gwaji. Ɗalibai na kiran ta Mama, suna matsa mata wuri.

Kwanan nan ta kai wata na'ura mai wulwula jini da gudu har ya rabu biyu, ja a ƙasa, ruwan ɗorawa a sama. Ta kira ni tana son ta san ko na 'yan uwa iri ɗaya yake rabuwa. Ta ce malamar ta yarda, jinina ɗan kaɗan za a ɗiba.

Na ce mata ina tsoron allura, gara ta nemi autanmu. Ta ce ai shi ya riga ya bayar.