Tsuntsuwa Mai Sanƙo

Kakata Hajiya Ladi waakye, wato shinkafa da wake, take sayarwa a unguwar Nima ta birnin Accra, saboda haka kullum bayan magariba akwai wuta a tsakar gidanmu. Tana dafa waken gobe a kan kurfotin gawayi, mu jikoki muna kewaye da ita muna tsince shinkafa. Gidan haya ne, rediyon maƙwabta na tashi, ana faɗa da yaren Twi a bakin famfo, amma da ta ce, "Ku matso, ga ta nan tafe," sai mu daina jin kowa.

Iyayenta fataken goro ne, shi ya sa tatsuniyoyinta duk na kurmi ne. Wadda ta fi ba ni haushi ita ce ta tsuntsuwa mai sanƙo, mai gina ɗakinta da laka a jikin dutse. Wai ya da ƙanwa ne suka shiga kurmi nemanta. Yayar ta yi ta gudu tana kaɗa ganye tana kira, har rana ta yi sanyi ba ta ga komai ba. Ƙanwar kuwa ƙaya ce ta soke ta, ta zauna a gindin wani dutse. Tana nan shiru sai ga tsuntsuwar ta diro, ta dube ta, ta yi tsalle ta wuce.

"Sai me, Kaka?" in ji ni.

"Sai suka koma gida."

"Ba ta ba ta zinariya ba?"

"Zinariyar me? Ta gan ta, ba shi ke nan ba?" Ta ci gaba da fifita wuta.

Nakan kwanta ina ganin an cuci yarinyar nan.

Yanzu ni tela ce a unguwar Maamobi, Kaka ta daɗe da rasuwa. Bara likita ya ce hawan jinin ido ya ci rabin ganina. Za a yi aiki, amma bai yi min alkawarin komai ba. 'Yata Rabi, wadda sana'arta raka masu kallon tsuntsaye daji, ta same ni na yi tagumi a shago.

"Mma, tsuntsuwar nan da kike ba mu labari fa akwai ta. Ba ta da yawa, amma na san inda take kwana. Mu je kafin aikin."

Muka hau mota zuwa ƙasar Asante, muka ratsa gonakin koko da ƙafa, muka hau tudu gwiwoyina na ƙara. A hanya ta yi ta nuna min tsuntsaye a kan itatuwa, ni kuwa ko da madubin hangen nesa inuwa kawai nake gani tana gilmawa. Da la'asar muka kai wani ƙaton dutse. Ga sheƙar laka manne a jikinsa kamar rabin ƙwarya.

"Mma, ko tari kada ki yi."

Muka zauna. Sauro ya ci ƙafafuna, bayana ya ƙage, haske na raguwa. Har na fara tunanin ko ta zo ba zan gan ta ba. Sai Rabi ta matse hannuna.

Ba daga sama tsuntsuwar ta zo ba, ta ƙasa ta ɓullo tana tsalle, ta tsaya kusa da ni sosai. Kai rawaya sumul babu gashi, baƙin tabo a kowane gefe, farin ciki, dogon bindi. Ta karkata kai ta dube ni. Na gan ta sarai. Ta haye sheƙarta.

Aikin ya ceci idon dama, na hagu ya tafi. Na fahimci Kaka ba rowar ƙarshen labari ta yi mana ba. Yawancin alherin duniya haka yake zuwa, ya ɗan tsaya a gabanka ya wuce, ba ya barin komai a hannu, kuma ya isa. Na koma kan keken ɗinkina da ido ɗaya. Zura zare yana ɗaukar lokaci yanzu, amma yana shiga.