Shekarar da Hayaki Ya Shiga Gangar Goggo Lamduan

Gidana yana ƙasan gonar Goggo Lamduan a kan tudun Pak Chong, saboda haka duk abin da iska ta kai mata, ni ma ta kawo mini. Masara mijinta yake nomawa. Da ya rasu ta tumɓuke ta, ta dasa inabi baƙi, mutane suna ta dariya wai zafin ƙasar nan zai dafa shi a reshe. Ba ta kula su ba. Ta sayo tsofaffin gangunan katako, ta haƙa musu ɗaki a cikin tudu inda rana ba ta kaiwa.

Ita ba ta kiran giyarta da lambar shekara. Akwai ta shekarar da damina ta ƙi tafiya, wadda ta fito salam kamar an surka. Akwai ta shekarar fari, mai bauri har sai harshe ya ɗaure, wadda ta daɗe a ganga kafin ta yi laushi. Sai ta shekarar sanyi, da inabin ya nuna a hankali. Wannan ita ce abin alfaharinta.

Shekarar da ta biyo baya ce mai gonar raken da ke gabas da mu ya cinna wa ganyensa wuta, inabi yana dab da yanka. Hayaki ya kwanta a kwarin, toka tana sauka a kan shinkafarmu muna ci. Goggo ta wanke inabin, ta matse, ta zuba a ganga tana fatan katako zai shanye ƙaurin. Bai shanye ba. Da ta buɗe ta ɗanɗana, ta tofar.

"Ɗanɗana ki ji, Bunruen," ta ce da ni. "Kamar na lashi gindin murhu."

Tana shirin zubarwa sai ga Khun Thawat, mai wani gidan abinci a Bangkok. Ta zuba masa ta shekarar sanyi. Ya kurɓa ya ce, "Ba laifi." Ba laifi! Sai ya hango gangunan da ta ware gefe, ya nace sai ya ɗanɗana. Ya lumshe ido.

"Goggo, ashe ɓoye mini mai kyan kika yi! Wannan ƙamshin hayaki fa?"

"Ba ƙamshi ba ne, ɓarna ce. Gonata aka ƙona mini da hayaki."

"To a ƙara ƙonawa," ya ce yana dariya.

Ta sayar masa, don rufin ɗakinta yana yoyo, amma ta gaya masa gaskiya a gabana. Can ya riƙa shayar da baƙinsa yana ce musu wata dabara ce ta mutanen tudu, gadon kakanni.

Da shekara ta zagayo ya dawo da mota cike da bambaro, wai a tara a gefen rumfunan inabi a kunna. Lokacin Goggo tana fama da tarin da bai sake ta ba tun wancan hayaki.

"Khun Thawat, ka ga ƙirjin nan? Shi ma ka saya? Kwashe ciyawarka ka bar mini gona!"

"Haba Goggo, kasuwa ce fa."

"Ka je ka kunna a ɗakin cin abincinka, baƙinka su shaƙa da ɗuminsa."

Ya tafi, amma bai yi nisa ba. Ya samu wani sabon mai inabi a yamma da mu wanda ya yarda. Yanzu in lokacin yanka ya gabato, mai rake yana kunnawa ta gabas, wancan yana kunnawa ta yamma da gangan, mu muna tsakiya da tsumma a hanci.

Goggo ta koma yanke inabinta da wuri, tun bai gama nuna ba, don ta riga hayakin. Giyar tana fita da tsami, gangunan ba sa iya gyara ta gaba ɗaya. Duk wanda ya zo saye tana gaya masa haka tun kafin ya zauna, kuma tana nuna masa gonakin biyu da yatsa.