Kaurin Takarda Biyu

Ina tsaye Injiniya Habu ya cire ƙwaƙwalwar tsohon injinmu na sassaƙa ƙarfe, ya ɗaura sabuwa, wani ɗan akwati mai allo, ya canza masa moto biyun da ke sarrafa shi.

Injin nan tun zamanin da kuɗin fetur ke ambaliya aka kawo shi Wudil. Duk wanda ya taɓa shi sai ya ɓata aiki, in ba ni ba. Manoman Dagumawa ni suke zaman jira in gyara musu ƙarfen injin ban-ruwa.

Habu ya ce, "Baba, me kake yi masa ne yake jin maganarka?"

Bakina ya ja min. Na ce, "Dogon notin da ke tura wuƙar sassaƙar ya yi sako-sako. Kullum nakan ƙara masa kaurin takarda biyu."

Ya auna, ya ce, "Wallahi daidai!" Ya danna lambar awon a allon akwatin. Shi ke nan.

Jiya Sale, abokin aikina da bai taɓa yanka ƙarfe ya shiga daidai ba, ya fitar da aiki sumul. Har tafa masa aka yi, ina zaune.

Jama'a, ku faɗa min gaskiya: akwai wanda ya taɓa kishin akwati, ko ni kaɗai ne?