Fankar da Ta Tsaya Yaya Sahabi Bai Ji Ba

Duk wanda ya san Yaya Sahabi a Talata Mafara ya san aljihunsa na dama. Kullum a rinjaye yake, har rigar ta karkace masa, saboda wani ɗan batir da yake yawo da shi da wayoyi biyu, ja da baƙa. Da shi yake zuwa masallaci, da shi yake zuwa ɗaurin aure. Ko a ina aka nuna masa 'yar fankar kwamfuta, irin wadda ba ta fi akwatin ashana girma ba, sai ya zaro batirin ya jona, ya kara ta a kunne, ya lumshe ido. A wannan lokacin ko gobara ake yi kada ka yi masa magana.

Mijin yayata Hajo ne, ni kuwa Luba, autar gidanmu, don haka tsokanarsa halak ce a gare ni. Kuma wuri ɗaya muka yi aiki shekara da shekaru, a cibiyar kwamfuta ta wani Alhaji inda yara ke rubuta jarrabawa. Ni ke yi wa yara rajista. Shi ke kula da wani ɗan ɗaki can ƙurya inda aka ajiye saba, wato babbar kwamfutar da duk sauran suka dogara da ita. Shi dai Uwar Ɗaki yake ce mata. Makullin ɗakin a wuyansa yake rataye da zare, kuma in aka cire Hajo da 'ya'yansa ban san abin da yake so kamar makullin nan ba.

Kun sha yin dariyar yadda kowace shekara sai ya sayo fankar da ta fi ta bara ƙara. Ni ma na yi. Yau da ba ya nan zan faɗa muku abin da na rufe. Kunnensa ne ke mutuwa a hankali, shi da sana'arsa duk a kunne take, kuma ya san ranar da Alhaji ya gane, makulli ya bar wuyansa. Na gane da wuri na ja bakina na yi shiru, kuma har yau abin yana cina.

Sayen fanka ɗaya kan ci masa safiya guda. Akwai Mista Bulus, wani Kirista mutumin kudancin Kaduna da ya daɗe a garin nan yana sayar da kayan lantarki a bakin kasuwa. Shi Allah ya jarraba da Yaya. Wata rana na raka shi. Bayan gaisuwar da ta kai har kan kaji da awaki, ya sa aka juye masa kwalin fankoki a kan tebur. Ya auna faɗin kowace da zare, ya duba bayanta ya ga ko ƙarfin wutarta daidai yake da na batirinsa, ya kaɗa fiffiken da farce, sannan ya jona ya saurara.

"Wagga tari takai," in ji shi. "Wagga kau boris ɗinta ya tahi, ba ta ganin damana. Wagga ragguwa ta, iskanta ko kyandir ba shi kashewa."

Mista Bulus ya zaro wata daga leda. "Malam, ga sabon yayi. Waya uku gare ta. Ta ukun nan ita ke gaya wa kwamfuta gudun da fanka take yi. In ta tsaya, nan take za ka ga gargaɗi a allo."

Yaya ya jujjuya ta, ya ture ta gefe da bayan hannu.

"Wato 'yat tsegumi ta. Bulus, shekara nawa muna tare, ka taɓa ganin na zamna da mai kai ƙara? Ni da kunnena, mi za ni yi da munahuka?"

"Kuma shiru take aikinta, Malam. Ba ta damun kowa."

"Shi na babban aibinta. Abin da ba shi magana, ba ka sanin ranad da yam mutu."

Ya zaɓi mai waya biyu, wadda kukanta ya sa mai shagon kusa ya leƙo. Mista Bulus ya dube ni ya ce, "Malama Luba, don Allah duk ranar da zai dawo ki aiko mini tun da safe, in rufe shago in tafi coci."

Mun yi dariya har da riƙe ciki. Amma a ranar na fara lura cewa in ana yi wa Yaya magana baki yake kallo, ba ido ba. Daga nan na ɗauki wata ɗabi'a: duk inda za a yi masa tambaya sai in matso kusa, in maimaita da ƙarfi kamar tsokana nake yi.

Abin da ya faru a garin Bakura ma a gabana aka yi. Mun je biki, sai wani mai injin casar shinkafa ya tare shi, ya ce kwamfutar ofishinsa da rana ta take sai ta mutu. Yaya ya leƙa bayanta sau ɗaya ya ce a kawo masa kasko da garwashi da turaren wuta. Aka kawo. Ya tsuguna yana kai hayaƙin gaba da baya, yana motsa baki. Ba komai yake yi ba illa duba inda iska ke bi, don wanda ya sa fankar ya juya ta baibai: maimakon ta fitar da zafi, ƙaiƙayin shinkafa take zuƙowa tana cusa wa injin. Ya kwance ta ya juya, kwamfuta ta tashi garau.

Ashe matan da suka kawo casa daga Dakko suna tsaye a taga suna kallo. Muna fitowa wata tsohuwa ta durƙusa.

"Malam, a taimaka. Jikana ma haka shikai, da rana ta yi tsaka sai jikinai shi ɗauki zahi. A yi mai turaren ga."

Sai da na maimaita masa. Ya dube ta da iyakar gaskiyarsa ya ce, "Inna, in da hwanka cikinai, kawo shi yanzu. In babu, asibiti za ki kai shi."

Tattalinsa kuwa sai wanda ya gani. Bai taɓa jefar da fanka ba. In ta mutu sai ya zira ta a igiya ya rataye a zaure, kamar mai shanya kuɓewa. Man keken ɗinkin Hajo bai taɓa yin wata guda ba, don da shi yake ɗiga musu a cibiya yana lallashi har wasu su farfaɗo. Wata bazara da zafi ya hana Hajo sakat, ya tara goma sha biyu daga cikinsu, ya jera a kan katako, ya ce ya yi wa matarsa abin da ko matar gwamna ba ta da shi. Bayan azahar ya kira mu tsakar gida ya jona.

Ɗankwalin Hajo ne ya fara tashi. Kaji suka haye katanga. Maƙwabta suka fito ƙofar gida suna kallon sama, don a ƙasarmu yanzu in aka ji irin wannan ƙara ba a tsayawa tambaya. Hajo ta toshe kunne tana cewa, "Kashe, Malam, don girman Allah kashe!" Shi kuwa yana tsaye yana murmushi, hannu a ƙugu.

"Kun ji ko? Ɗan sanyi-sanyi, ko jinjiri ba shi tashi."

Duk unguwa an ɗauka barkwanci ne, har yau ana maimaita shi. Ni dai na dubi Hajo, ta dube ni, ta sunkuyar da kai tana gyara ɗankwali. A nan na san ita ma ta sani, kuma ba mu taɓa yin maganar ba ko sau ɗaya.

Sai ranar jarrabawa ta bara. Yara sun cika zaure, daga cikin gari, daga Garbadu, daga Maradun har Dosara. Wasu tun jiya suka shigo suka kwana wurin dangi, don hanya ba ta biyuwa kowane lokaci. In Uwar Ɗaki ta mutu a tsakiyar aiki, ko su rasa shekara, ko su sake bin wannan hanya. Rana ta yi tsaka, zafi kamar bakin murhu, sai na ga hannuwa sun fara tashi. Wannan ya ce allonsa ya tsaya, waccan ta ce tambaya ta ƙi buɗewa. Wata yarinya a layin gaba ta fara kuka.

Na ruga ɗakin ƙurya, Alhaji na biye da ni. Yaya na zaune a kujerarsa yana jan carbi, hankali kwance. Tun daga bakin ƙofa na san fankar ta tsaya, don ɗakin shiru yake. Tunda nake a wurin ban taɓa jin tafiyar agogon bangon ɗakin ba sai ranar.

"Sahabi, mi ka hwaruwa?" in ji Alhaji.

Na maimaita masa da ƙarfi. Ya nuna injin da carbi.

"Lahiya lau take, Alhaji. Ba ku jin kukanta? Ku duba wayoyin waje."

Alhaji ya juyo ya dube ni. Da na ce masa mu je mu duba wayoyin, da ya bi ni, kuma wallahi sai da maganar ta zo bakina. Shekara biyu ina yin irin haka. Amma ina jiyo kukan yarinyar nan daga zaure. Na kama bakin hannun rigar Yaya na jawo hannunsa na kai bayan injin. Babu iska ko ta tayar da gashin kaza, ƙarfen kuwa kamar kaskon tuya.

Ba zan manta fuskarsa ba. Bai dubi Alhaji ba, bai dube ni ba. Ya ce, "Luba, mahuci." Na figo mafici daga kan tebur. Ya buɗe gefen injin ya ce in yi ta fifita kada in tsaya. Sannan ya jawo durowa, ya laluba can ƙarƙashin takardu, ya fito da wata fanka a cikin ledarta, ko ɓare ta ba a yi ba. Mai waya uku ce. Daga baya Mista Bulus ya gaya mini Yaya ya koma shi kaɗai ya saye ta tun watanni, ya roƙe shi kada ya faɗa wa kowa. Ya saya, amma zuciyarsa ta kasa yarda ya sa ta.

Ni ina fifita ina zufa, shi yana kwancewa yana ɗaurewa, kafin a ce haka iska ta fara fita. Alluna suka farfaɗo ɗaya bayan ɗaya. Masu sa ido suka ƙara wa yara lokacin da ya ɓata, kowa ya gama aikinsa.

Bayan la'asar, da yara suka watse, ya cire zaren daga wuyansa ya miƙa wa Alhaji. Alhaji ya ce, "Haba Sahabi, wa yac ce ka yi haka? Zamna mu yi magana." Ban san ko ya ji ba. Ya ajiye makullin a kan tebur, ya sa hularsa ya fita. Na bi shi har gindin dogonyaro na ƙofar cibiya.

"Luba, tun yaushe kinka sani?"

Abin da na ɓoye shekara biyu, sai ga shi dole in ɗaga murya in faɗe shi a bakin titi, masu babur na wucewa.

"Tun bara waccan, Yaya!"

"Ke da Hajo?"

Na gyaɗa kai.

"Kun so ni, na gode. Amma ɗiyan mutane na cikin zauren can. Da kin ƙara jin kunyata kaɗan, mi za mu ce ma uwayensu? Kak ki ƙara yi ma kowa irin wanga alheri."

Na fashe da kuka a gabansa, abin da ban taɓa yi ba. Shi kuwa ba ya iya ganin hawaye, sai ya ɓata fuska ya ce, "Kuma hihitakki ba ta da ƙarhi. Da ke hwanka ta, da ban saye ki ba."

Bai sake taka cibiyar ba. Alhaji ya aika, ya je da kansa, Yaya ya ce a gaishe da Uwar Ɗaki. Ya koma zama a zaure, magana ta ragu, mutumin da a da sai an roƙe shi ya yi shiru. Bayan an gama girbin shinkafa ya kwanta ciwo kwana huɗu, Allah ya karɓi abinsa. Na yi kewarsa fiye da yadda zan iya faɗi, kuma ban sami damar ce masa ya yafe mini ba, don maganar ba ta faɗuwa da ihu.

Allah ya jiƙan Yaya Sahabi, ya sanyaya makwancinsa, ya jiyar da shi sallamar mala'ikun rahama da kunne garau. Allah ya ba Hajo haƙuri, ya raya abin da ya bari. Ni kuma Allah ya yafe mini shirun da na yi.