Sai An Ji Bakin Mutum

A ƙauyenmu na gabas da Guci, tun Nasara bai sa ƙafa a Damagaram ba, kakata ta wajen uba ce mai yi mana tatsuniya. Iya Gambo ake ce mata. In sanyi ya shigo, da an ci tuwo sai ta hura wuta da karan gero a ƙofar ɗakinta, ta ɗauki mazari tana kaɗi, mu jikoki mu kewaye ta muna turbuɗa gujiya a toka. Ba mace ce mai lallashi ba. Tana da wani dogon tsaki wanda in ta ja wa babban mutum, sai ka ga ya fara laluben takalminsa. Amma mu, cikin zanenta muke cusa ƙafafu, ƙaraminmu kuma a cinyarta yake barci.

Tatsuniyoyinta da yawa sun zube mini. Guda ɗaya ta zauna daram, saboda ranar da ta yi ta.

Ran nan da hantsi barorin hakimi suka zo suka kama Tanko mai haƙar rijiya. Wai shi ya nuna wa mahara rijiyar daji suka shayar da dawakinsu. Duk sa'ad da ya buɗe baki zai yi magana sai a kwaɗe shi. Mazan gari suna tsaye, har da babana, kowa ya sa ido a ƙasa kamar allura ta faɗi. Ruwan da ke cikinsu duka Tanko ne ya haƙo shi, sun kuma san wanda aka ja da igiya haka, kasuwar bayi ce makomarsa. Ko tari ba wanda ya yi.

Da yamma suka taru a zaurenmu suna ƙus-ƙus. Iya ta kwashi wutarta ta mayar da ita gindin zanan da ya raba mu da zauren.

"Ga wata nan tafe," in ji ta da ƙarfi, "mai kunne ya tara."

Muka ce, "Ta iso, Iya."

Wai a wani gari akwai ka'ida tun ta kakanni: ba a ɗaure mutum, ba a kore shi, ba a sayar da shi, sai an zaunar da shi gindin tsamiyar kasuwa ya faɗi tasa daga farko har ƙarshe, jama'a na ji. Sarki ma bai fi ƙarfin wannan ba. Akwai dattawa bakwai da ake ciyarwa ana tufatarwa don aiki ɗaya tak, in an kama mutum su ce, "A kai shi tsamiya." Wata rana aka fasa rumbun sarki, fadawa suka damƙo wani masaƙi, sarki ya ce a fita da shi a sayar.

Nan Iya ta ajiye mazari ta shiga kwaikwayon dattawan. Wannan ya cika baki da goro. Wancan rawani ya zamo masa ya rufe leɓe. Wani gyangyaɗi ya kama shi nan take, wani ya tuna zai kama ruwa. Muka yi ta dariya har da faɗuwa, ita kuwa fuskarta a murtuke.

Ana gab da fita da masaƙi sai wata tsohuwa mai daddawa ta sauke faifanta, ta miƙe ƙafa a tsakiyar ƙofar gari. Ta ce sai dai a taka ta, amma mutumin nan ba zai wuce ba sai ya yi magana. Mutanen kasuwa suka taru, fadawa suka rasa ta yi, dole aka koma da shi tsamiya.

Iya ta ɗauki mazarinta ta ci gaba da kaɗi. Na kasa haƙuri, na ce, "Iya, to shi ya yi satar?"

Ta ja mini tsakin nan. "Ke ma jininsu ne a jikinki? Ban sani ba, ban kuma tambaya ba. Ko ɓarawo ne bakinsa nasa ne. A ji shi tukuna, in ya sata a hukunta shi." Sai ta juya wajen zana ta ƙara murya. "Dattawan nan kuwa ba su mutu ba, sun hayayyafa. Wani ma a bayana na goya shi. Ta ƙare nan, wanda ta taɓa ya san kansa."

Ba ta kama sunan babana ba, ɗan fari ne, ba ta taɓa kama shi ba. 

Da sassafe maza biyar, har da babana, suka kama hanyar garin hakimi. Kafin rana ta take uku sun dawo. Ɗaya ƙaya ta soke shi, ɗaya ciki ya murɗa masa, na ukun kuwa, Mati, wai ya tuna akuyarsa ba ta da lafiya. Babana ya isa da wani Bafillace, Jauro, mai shayar da shanu a rijiyar dajin. Babana ya durƙusa ya roƙi abu ɗaya, a kai Tanko gaban alƙali. Aka zane shi da bulala don ƙarfin hali, amma aka kai. Tanko ya ce mashi aka ɗora masa a wuya kafin ya nuna rijiyar, Jauro ya rantse a gabansa aka yi. Alƙali ya sake shi. Rana ta uku suka shigo gari, igiya ta cinye wa Tanko wuyan hannu.

Iya ba ta yabi kowa ba. Tana shafa wa babana man shanu a baya ta ce, "An dai makara." Da Mati ya rigo kowa zuwa barka, sai ta dube shi ta ce, "Mati, yaya mai jiki?" Har ya mutu yara suna yi masa kukan akuya.

Yau na haura shekarun da Iya take da su a lokacin. Nasara ya zo, ga shi yana naɗe kayansa. Samari suna karanta mana a takarda cewa ɗan ƙasa yana da haƙƙin magana da na zaɓen shugaba, ba a kuma kama shi haka kawai. Maganar ta yi mini daɗi, na jefa ƙuri'ata da hannuna. Abin da na gane da tsufa shi ne, mai kama mutum bai cika ba ni haushi ba, aikinsa ke nan. Wanda ake girmamawa don ya yi magana ya ƙi, shi nake rainawa.

Kwanan baya a kasuwar Dungas wasu masu kaki suka ja wani makiyayi a ƙasa, yana roƙo a saurare shi. Mushen lakwal, wato malamin boko, wanda ya fi kowa iya karanta mana haƙƙoƙin nan, yana wurin, sai na hango shi ya sunkuya bayan jakuna yana gyaran takalmi. Ni da sandata na bi su ina masifa har mutane suka taru aka tsaya aka ji shi.

Bayan kwana biyu mushen ya yi sallama a gidana, ya zo nema wa jam'iyyarsa ƙuri'a. Na aiki jikata ta gaya masa ina ciki, idona biyu, lafiyata ƙalau, kuma ba zan fito ba.