Ranar da Na Gano An Ba da Aron Sunana

Mahaifiyarmu ba ta iya hana aro ba. A layinmu na Nasarawa Gwom, duk bikin da za a yi da babbar tukunyarmu ake dafa shinkafarsa, sarƙarta ta gwal kuwa ta halarci bukukuwan da ita kanta ba ta je ba. Mun saba da haka. Ban dai taɓa kawowa a raina cewa wata rana za ta haɗa da ni a cikin kayan aron ba.

Na gama kwalejin horar da malamai a shekarun da wayar salula ta fara yawa a Jos. Na yi yawon neman aiki har takalmina ya cinye, shiru. Da na gaji, na zuba takarduna a akwatin ƙarfen Mama, inda kowa a gidan yake ajiye nasa, na hau keken ɗinki. Ba son ɗinkin nake ba. Duk safiyar da na ga malamai mata suna wucewa da jaka a kafaɗa, sai in bi su da kallo har su ɓace.

Bayan wasu shekaru aka ce ana ɗaukar malamai. Na buɗe akwatin, takarduna na nan lafiya lau, na kwashe na tafi ofis. Akawun, wani dattijo mai gilashi da Hausa ba ta zauna a bakinsa ba, ya buga lambar takardata a kwamfuta, ya ɗago ya dube ni.

"Madam, kana wasa da ni? Kana da aiki, kana neman aiki kuma?"

"Oga, wane aiki? Ni ɗinki nake yi."

"Suna naka ne, lamba naka ne. Kana koyarwa a Gada Biyu. Ko dai ku biyu ne?"

Ko gida ban koma ba, na hau acaɓa zuwa makarantar da ya faɗa. Na tambayi mai gadi ajin malamar, na ambaci sunana da bakina, ya nuna mini. Na tsaya ta taga na leƙa.

'Yar aminiyar Mama ce. Tare muka taso, a kwano ɗaya muka ci tuwo, tare muka shiga kwaleji, ita ta kasa jarrabawa ta bari. Ga ta tsaye gaban allo cikin atamfa mai tsada, waya rataye a wuya, alli a hannu. Shugabar makarantar ta leƙo ta kira sunana har da na mahaifina, ita kuma ta ce "Na'am" ko ɗar ba ta ji ba.

Ya kamata in ji fushi, na kuwa ji. Amma ƙyashi ya fi yawa. Da a ce ba ta iya ba, da na samu sauƙi. Ta iya. Tana koya musu lissafi da murafen kwalba, yaran suna rige-rigen ɗaga hannu, wata 'yar ƙarama ma riƙe take da gefen zaninta. Na tsaya nan da zare manne a hijabina, ina kallon rayuwar da na yi wa karatu a jikin wata, kuma ta yi mata kyau. Na juya na nufi gida.

Na iske Mama tana tsince shinkafa. Da na tambaye ta, ko musu ba ta yi ba.

"To mene ne a ciki? Uwarta ta zo tana kuka, yarinya ba miji ba sana'a. Takardar tana kwance a akwati, ke kina ɗinkinki. Ara suka yi, suka dawo da ita ko lanƙwasa babu."

"Mama, ba tukunya ba ce! Ni ce a cikin takardar nan!"

"Ke kuma ba ga ki nan ba? Wani abu ya ragu a jikinki?"

Har ga Allah ba ta ga laifinta ba. A wurinta abin da aka ara aka dawo da shi bai ɓata ba. Sai da yayana ya zaunar da ita ya yi mata dalla-dalla: muddin waccan tana amsa sunana, ni ba zan taɓa samun aiki ba, in kuma ta ci bashi ko ta yi laifi, ni za a nema. Nan jikinta ya yi sanyi. A ranar na kwashe takarduna daga akwatinta na sayi kwaɗo. Wannan ya fi komai yi mata ciwo, ta yi kwanaki ba ta amsa gaisuwata da kyau.

Na so in kai ƙara, manya suka shiga tsakani. Aka yanke 'yar aminiyar Mama ta ajiye aikin da kanta, ta je ofis ta faɗi gaskiya. Ta je. Na sha rantsuwa a kotu da zirga-zirga kafin sunana ya dawo hannuna, zumuncin iyayenmu kuwa bai sake komawa yadda yake ba.

Ana gobe zan fara aiki a wata makarantar daban, ta yi sallama a shagona. Ta rame. Ta ajiye wani abu a kan keken, naɗe a ɗankwali.

"Yaya, naki ne. Ba ni da inda zan rataye shi."

Na warware. Allon yabo ne na katako, irin wanda iyayen yara suke ba malamin da ya fi ƙwazo, da sunana a jiki an rubuta da ruwan zinare.

Na koyar shekara da shekaru bayan nan. Ina shiga aji a kan lokaci, ba na dukan yara, ba wanda ya taɓa kai ƙarata. Amma ba a taɓa ba ni irinsa ba. Baƙi in suka gan shi a falona sukan ce, "Ashe Malama gwana ce!" Ni kuma in ce musu su sha ruwa.